Shekarar da Tsoho Ya Hana Mu Tumu

A gidanmu na Nasarawa Burkullu ba a cin tumu sai Tsoho ya fara ci. Tsoho kakana ne, mahaifin Babanmu, kuma wannan doka ta girme ni, ta girmi Baba ma. In gero ya yi ƙwaya, shi zai shiga gona ya karyo zangarniyar fari, a hura wuta a ramin da ke bayan gida, ya gasa da hannunsa, ya gatsa, ya tauna, ya ce ya nuna. Daga nan sai kowa ya ci iya cikinsa. Kafin nan kuwa, ko tsuntsu ka gani yana ci, sai dai ka haɗiye yawu ka kore shi.

Ni in dai a kan tumu ne ba ni da kunya. A ɗora zangarniya a kan harshen wuta, gashinta ya babbake, ƙwayoyin su fara tas-tas, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da zafinsa. Akwai zaƙi, akwai ƙauri, ga hayaƙi ya ratsa shi. Na ci kaji a gidajen biki, na ci abincin otal, har yau ban ga abin da ya kamo ƙafarsa ba. Kuma tumu ba ya jiran kowa. In gero ya bushe a kan kara, shi ke nan, sai baɗi ga mai rai.

A shekarar da nake ba da labari ina budurwa, na dawo dogon hutu daga makarantar kwana, ranar komawa tana matsowa. Gero ya yi kyau har mutane na tsayawa a hanya suna cewa tubarkalla. Kullum da safe Tsoho zai ɗauki sandarsa ya tafi gona, ya dawo, mu taru a zaure muna kallon bakinsa. Bakin ma ba a ganinsa, don a 'yan kwanakin nan ya tsiri naɗa rawani da amawali har bisa hanci, mutumin da sai ranar Sallah yake naɗi.

"Bai nuna ba," in ji shi daga cikin amawali. "A yi haƙuri."

Gobe ma haka, jibi ma haka. Maƙwabta suka fara gashi, iska tana kwaso mana ƙamshin ta kan katanga kamar da gayya. Har samarin da suka zo haƙar zinari daga nesa, waɗanda ke haya a shagon ƙofar gidanmu, da ba su da ko kunya ɗaya ta gero a garin, sai ga su zaune da yamma baki baƙi ƙirin, suna murza tumun da suka saya. Ɗayansu ya miƙo mini guntu, na ce na ƙoshi. Allah Ya yafe mini wannan ƙaryar, don cikina har kuka ya yi a gabansa.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne Baba. Ƙaton mutum ne mai gemu, ana jin shakkarsa a unguwa, amma a wajen tumu ya fi yara haɗama, shi kaɗai yana iya tashi da zangarniya biyar. Sai da ya sake hanyar zuwa masallaci don kada ya bi ta inda ake gashi. Amma ya buɗe baki ya ce wa mahaifinsa gero ya nuna, wannan kam ba zai taɓa yi ba.

Inna ce ta gaji ta kira ni madafi. Ta san wasan da ke tsakanin jika da kaka: ni ce amaryar Tsoho, shi ne angona, abin da zan faɗa masa in sha dariya, wani in ya faɗa sai an yi zaman sulhu.

"Ke ce matatai," ta ce. "Tahi ki ji mi ag ga mijinki. Gero na bushewa muna kallo."

Ta dama fura da nonon da maƙwabciyarmu Bafillatana ta kawo, na ɗauka na kai masa ɗaki. Ya ce in ajiye in tafi. Na ce amarya ba ta barin ango ya sha fura shi kaɗai, na nemi wuri na zauna daram. Ya dubi furar, ya dube ni. Ƙudaje suka fara kai mata gaisuwa. Ni kuwa na shiga yi masa tsiya: na ce rawanin nan ko sarauta aka ba shi ba mu sani ba? Ko wata ya gani a kasuwar Bukkuyum yake wa kwalliya, in je in ci mata mutunci? Na ce in dai kishi ne ya sani na fi shi iyawa, gobe zan karɓi goron wani tsohon mai kuɗi. Na tashi na kwaikwayi tafiyarsa da sanda, ina duba gero ina girgiza kai.

Nan ya kasa. Dariya ta ƙwace masa, amawalin ya zame, na ga bakin wayam, sai haƙori ɗaya a ƙasa yana tsaye kamar turken akuya.

"Angona! Ina haƙoran?"

"Suna Gummi," ya ce.

Ashe ta'aziyyar da ya ce ya tafi Gummi kwanakin baya, asibiti ya je. Turamen haƙoran da suka rage masa ne suka hana shi barci, aka cire su, na gaba ma da suka daɗe suna girgiɗi aka haɗa da su, aka bar masa ɗaya. Na faɗi a kan tabarma ina dariya har da shure-shure. Na ce kullum yana cewa a yi haƙuri, ashe haƙuri muna da shi buhu-buhu, haƙori ne babu. Shi ma ya yi ta dariya yana kai mini duka da hula.

Da dariyar ta lafa sai ya mai da amawalin.

"Amarya, anka amshe min galma, anka ce in huta. Anka hana ni hawan rumbu, wai kar in hwaɗo. Keke ma ubanki ya ɓoye shi. Hwara cin tumun ga ɗai yar rage min gidan ga. In nac ce ban iyawa, gobe ni wane ne? Mai zaman jiran tuwo?"

Wallahi sai na ji kunyar dariyar da na yi, tausayinsa ya kama ni. Amma fa tumun ma ina so. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ba zai yiwu ya yi ta naɗe baki har a yi girbi ba. Akwai geron da ya makara a gefen gona wajen kwari, ƙwayarsa tana da ruwa har yanzu, ko jariri zai iya da shi. Mu samo masa wannan. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, ko Inna, sannan ya yarda.

Washegari muka tafi tare, ina latsa ƙwaya da farce har muka dace da mai taushi. Ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, ya tsaya a zaure ya ce a hura wuta bayan la'asar.

Ban taɓa ganin gidanmu ya rikice irin na ranar ba. Ƙannena suka kwaso kara da itace kamar za a gasa raƙumi. Inna ta jera ɗanyar masara a bakin ramin, aka tumɓuko gyaɗa aka watsa ta a wuta da ganyenta, ɗanyen wake da ɓawonsa aka tura cikin rushi. Yayana, mai son gwaninta, ya binne ƙwan zabi a toka bai huda shi ba. Muna cikin hira sai ji muka yi fus! Toka ta tashi, gwaiduwa ta sauka a goshinsa, akuya ta tsinke igiya ta yi waje, goggona ta zubar da butarta tana salati. Ba wanda ya taɓa komai duk da haka. Masara na ƙonewa ana juya ta, ido na kan Tsoho.

Ya gasa zangarniyarsa a hankali, ya ɗan juya mana gefe, ya sauke amawali, ya yi bisimilla, ya kai baki. Abin da ni da shi ba mu lissafa ba shi ne wuta tana busar da ƙwaya, mai taushin ma ta yi ƙarfi. Ya shiga tauna da dasashi. Haɓarsa na hawa tana sauka, yara na bin ta da kai, wani ƙanena har bakinsa na motsi. Na ga hawaye ya taru masa, ya kore hayaƙi da hannu kamar laifin hayaƙin ne. Ni kuwa na rasa ko dariya zan yi ko addu'a, sai na cusa mayafi a baki.

"Ya nuna," in ji Tsoho.

Aka yi caa a kan wuta. Wannan ya ƙona yatsa, wancan ya ƙwace na wani, gyaɗa ana tono ta da kara ana ihu. Na ci na farko ban ma ji ɗanɗanonsa ba don sauri. Ina cikin murza na biyu na waiga, sai na ga Tsoho ya sunkuya ya tofa abin da ke bakinsa a tafin hannu. Ƙwayoyin suna nan yadda suke, ko ɗaya bai fashe ba, ga ɗan jini a jikinsu. Ya dunƙule hannun ya tura cikin riga. Na ɗaga ido, ashe Baba ma ya gani.

Baba yana riƙe da zangarniyar da ta fi kowace girma, ya gasa ta da kyau, ta yi ja tana turiri. Ya zo ya tsuguna kusa da mahaifinsa, ya gatsa sau ɗaya, ya ɓata fuska, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai, Baba, geron bana tauri garai awa tsakuwa. Ni kam ban iyawa."

Ya ajiye ta a ƙasa, ya ce wa Inna ta damo musu fura su biyu. Yara suka bi shi da kallo da baƙaƙen bakunansu, suna tsammanin ya zautu, don tumun lafiya lau yake. Na san abin da ya ajiye, na kuma san ba zai sake taɓa shi ba a wannan shekarar, haka kuwa aka yi. Ban taɓa son Baba kamar yadda na so shi a wannan yammacin ba.

Tsoho ya daɗe yana kallon ɗansa. Sannan ya ɗauki ludayi, ya kurɓi fura, ya girgiza kai.

"Ɗiyan zamani ke nan," ya ce. "Ga gemu, ba haƙora."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Babanmu, ya tura masa ƙwaryar gabansa.