Safara'u Mai Murhu da Rubutun Sin

Safara'u 'yar Ɗanzomo ce, shekararta talatin tana gina murhun yumɓu. A wurin kakarta ta koya. Takan haƙo yumɓu a kududdufin bayan gari, ta kwaɓa shi da ƙaiƙayi, ta gina, ta shanya, ta gasa. Duk Alhamis tana kasuwar Maigatari da kayanta.

Wata Alhamis sai ga wata mata 'yar ƙasar Sin, mai dafa wa ma'aikatan hanya abinci, tare da tafintansu Abdulbaqi. Matar ta tsuguna, ta shafa murhu ɗaya, ta ƙwanƙwasa shi, ta daɗe ba ta tashi ba. Can ta yi magana.

"Iya," in ji Abdulbaqi, "ta ce kakarta ma a murhun ƙasa take girki a ƙauyensu."

Safara'u ta riƙe baki. "A can inda ake ƙera waya da babur?"

Matar ta tsinci gawayi, ta ja layi bakwai a gefen murhun, suka ba da zane biyu a manne. Na hagu kamar harshen wuta yana tartsatsi, na dama kamar tsiro a kan tudu. Abdulbaqi ya bi su da yatsa.

"Wannan wuta, wannan ƙasa. In suka haɗu, murhu ke nan a rubutunsu. Dzau suke ce masa."

Safara'u ta ƙura wa zanen ido. Wuta da ƙasa! Aikinta kaf, daga kududdufi har wurin gashi, ga shi wasu mutane a ƙarshen duniya sun dunƙule shi a zanen da bai kai tafin hannu ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Ɗana, ce mata ta sake, a hankali."

Sau huɗu matar ta sake. Wannan murhun Safara'u ta hana sayar da shi, gida ta koma da abinta. Mako biyu tana kwaikwayo da tsinke a tsakar gida, wutar tana karkacewa, har hannunta ya faɗa.

Maƙwabciyarta Fadimatu ta ga zanen a jikin ɗanyen murhu, ta ja da baya, ta zaci hatimi ne. Safara'u ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla.

Da aikin hanya ya ƙare baƙin suka tafi, Safara'u ba ta samu tambayar yadda ake rubuta randa ba. Har yau abin yana damunta. Murahunta dai duk da zanen suke fitowa, matan Gagarawa kuwa in sun zo saye, "mai rubutu" suke nema.