Ƙwaryar Kindirmo da Kafireta

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, hancina ne shaida.

Babban ɗana, wanda bakina ba ya kiran sunansa, yana da wata tsohuwar akori-kura da yake ɗibar bulo da yashi zuwa sababbin gine-ginen Tumfure. Motar nan ta daɗe tana ciwo. In an tayar da ita da safe a ƙofar gidanmu na Bagadaza, sai ta yi ta karkarwa kamar mai masassara, tana tusar baƙin hayaƙi, warin fetur ya shigo har madafa. Ya ce mini wai akwai wani abu a cikinta, kafireta, shi ke auna wa inji mai. Nata ya daina awo, sai injin ya sha ya ƙoshi har ya riƙa amai. Na ce a kai ta a duba mana. Ya ce sai ya gama aikin da ke gabansa.

Ana nan jikata ta haihu a Tumfure, haihuwar fari. A zuriyarmu, ranar suna kakar mai jego ce ke kai kindirmo, ta ba ta da hannunta kafin kowa ya taɓa. Na aika ruga aka kawo madara, na dafa, na zuba iri, ta kwana. Ta yi kauri har ludayi na tsayawa a ciki. Na ɗora curin man shanu, na kifa ƙaramar ƙwarya a bakin babbar, na ɗaure da mayafi, aka girka a bayan mota.

Ba mu ci rabin hanya ba motar ta fara shessheƙa, ta yi tari, ta mutu. Ɗana ya yi ta taka totur yana murɗa makulli. Sai ga wani bakanike daga gindin darbejiya, dattijo mutumin kudancin jiha, abokinsa ne.

"Kai, ɗauke ƙafarka daga totur ɗin nan! Wanda ya ƙware ake ɗura wa ruwa?" Ya leƙo ta taga. "Sannu Mama, an tafi biki?"

"An dai so tafiya," na ce.

Ya ɗaga bonet, ya kwance fulogi, ga su baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Ya zare wani tiyo ya sa a baki, ya zuƙa, ya tofar dab da ƙafata. Fetur da jan goro da yawu, duk a haɗe.

"Man 'yan bumburutu kake ba ta ko?"

"To layin gidan mai fa?" in ji ɗana.

"Ai ga layin nan ka samu. Datti ya tokare allurar da ke rufe wa mai hanya, shi ya sa yake malala. Sai an kwance an wanke."

Na shiga wani gida kusa, na roƙi matar gidan ruwa da inuwa. Da na fito, motar na kuka lafiya lau, su biyun suna ta dariya, ƙwaryata tana inda take.

Mun tarar da gidan suna cike da mata. Kakar mijin jikata, abokiyar wasata, ita ta tare ni.

"Ga ta Bagadaza da kayan ruga! A buɗe mu gani, kindirmo ne ko tsala?"

Na sa hannu zan kwance mayafin, sai na ga ƙullin ba nawa ba ne. Na ɗaga ƙaramar ƙwaryar. Warin ya fara bugun na kusa, sannan ya bi tabarma-tabarma har ƙofar ɗaki. A kan nonon ga wani maiƙo mai launi-launi, a jikin man shanun ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar kashin ƙuda.

"Yaya," in ji abokiyar wasan nan, "wannan saniyar taku a wane gidan mai take kiwo?"

"Ku janye ta daga murhu!" wata ta ce, gida ya ɗauki shewa.

Jikata ba ta yi dariya ba. Jaririn na bakin mama, ta miƙo hannu ga ludayi.

"Kaka, ba ni haka nan. Ko kurɓi ɗaya."

Na riƙe hannunta. Abin da uwa ta sha, shi ɗa ke sha. Na ce a'a.

Na sa aka kira mini ɗana zaure. Kansa a ƙasa.

"Inna, abin wanke ƙananan ƙarafan muka rasa, sai muka ari ƙaramar ƙwaryar. Amma fa na ɗauraye ta da ruwan leda kafin in mayar."

Mutumin da aka yaye da ƙwarya, furfura ta fara fito masa, bai san ƙwarya na shanye abin da aka zuba mata ba. Na ɗauki kayana na zaga gonar masarar da ke bayan gidan, na tuttular, na fasa ƙoren biyu da dutse. Ko kaji ba su matso ba. Mijin jikata ya ruga kanti ya sayo nonon roba, mai zaƙi kamar maganin tari. Shi na zuba mata, shi ta sha daga hannuna.

Keke-napep na hau na koma gida. Motar kuwa ta sake mutuwa da la'asar, ashe ban da dattin, ɗan tulun da ke yawo a kan man cikin kafireta ma ya huje. Daga baya 'yan gwangwan suka saye ta, ɗana yanzu kanti yake tsaro. Bakaniken na nan gindin darbejiyarsa, in ya hango ni daga nesa yake gaisuwa. Abokiyar wasata Allah ya yi mata rasuwa bara, har ta koma ba ta daina tambayata nawa lita ba. Jikata 'ya'yanta uku yanzu. Jaririn ya shiga makaranta, wai direba yake son zama.