Rawanin da Inna ta ɓoye a rumbu

A ƙauyenmu na ƙasar Tsafe, da an yi sallar magariba lokacin kaka, Inna takan hura wuta a tsakar gida ta zuba mana gyaɗa a toka. Ita ce kakarmu, mahaifiyar Baba Maigari, yayan babana. Muna ɓare gyaɗa muna ƙona yatsu, ita tana ba mu tatsuniya. Sau da yawa Hajo na cikinmu, matar Arɗon da rugarsu ke bakin burtali tun kafin a haife ni. In ta gama tallan nono sai ta biyo ta bar wa Inna ƙwarya guda, washegari ta karɓi abarta.

Shekarun nan ba a daɗe da mayar da Gusau babban birnin jiha ba, kuma Baba Maigari bai ƙara samun sukuni ba. Yau a kira shi Tsafe, gobe a ce ya zo Gusau, ya dawo ya tarar da mutane cike da zaure kan rabon taki. Ya rame, idonsa ya yi ja, tuwo ma a tsaye yake cinsa. Ana cikin haka shanu suka shiga gonar dawar wani Alhaji mai faɗa a ji a birni, suka yi mata kaca-kaca. Alhajin ya aiko cewa shanun rugar Arɗo ne, kuma in ba a tashe su ba zai kai maganar sama.

A gidanmu akwai wata al'ada tun zamanin kakanmu. In mai gari ya gaji ko ransa ya ɓaci, babbar mace a gidan takan ɗauke rawaninsa, don ba ya fita yanke hukunci ba rawani. Dole magana ta kwana, shi ma ya kwana. Ran nan da idona na ga Inna ta cusa rawanin Baba cikin rumbun gero. Da muka zauna gaban wuta, sai ta juya fuskarta wajen zanan da ya raba mu da turakarsa, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ku matso, ga wata ta taho, kuma ba ku kaɗai niko ba ta," in ji ta.

Wai an yi fari a daji, tafki ɗaya ya rage. Dabbobi suka dami Zaki da ƙara dare da rana, har barci ya ƙaurace masa. Wata safiya aka tarar an dama ruwan ya zama taɓo. Kura ta ce ai Giwa ce, ku dubi ƙafafunta. Zaki bai tambayi kowa ba, ya kori Giwa daga dajin. Da tafkin ya ƙafe sai aka tuna Giwa ce kaɗai ke iya tona yashin rafi ta fito da ruwa. Sannan Kurege ya nuna wa Zaki busasshen taɓo a dagin ƙafarsa. Ashe Zakin ne da kansa yake safa da marwa cikin ruwan da dare saboda rashin barci.

"To mi ya hana shi duba ƙahwatai?" Inna ta tambaya, idonta na kan zana. "Wanda bai kwana ba, ba shi ganin komi sai abin da anka nuna mishi."

Baba ya ji ta sarai, don mun ji gyaran muryarsa. Da safe ya nemi rawani bai gani ba, ya tsaya bakin ɗakinta.

"Inna, ki ba ni. Mutanen ga za su tuɓe ni."

"Ka sha hura ka kwanta, ɗan nan. Gobe ka aika a bi sawun shanun."

"Ba ni da gobe, Inna."

Ya fita da hula kawai, abin da ba a taɓa gani ba, ya ba Arɗo umarnin tashi. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Mutanen da suka yi ta zuba mana taki a gonaki da shanunsu, waɗanda muka ci suna da biki tare, aka tashe su ba tare da an taka zuwa gonar an duba ko sawu ɗaya ba. Suka ɗaura kaya suka nufi wajen Bunguɗu da dawarsu a tsaye ba a girbe ba. Hajo ko sallama ba ta shigo yi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan an kwana biyu gaskiya ta fito. Shanun huɗar gidanmu ne suka tsinke da dare, don kowa a gidan yana can wajen hidimar baƙin Baba, an bar turke ba mai dubawa. Baba ya aika Bunguɗu a ba da haƙuri. Arɗo ya ce ya yafe, amma bai dawo ba.

Yanzu ni ma ina shugabantar wata makarantar firamare a Gusau, na san yadda kai ke ɗaukar zafi in an matsa wa mutum ta ko'ina. Amma ina jin haushi in aka ce mini, "Ai matsa masa aka yi," kamar wannan ya wanke komai. Shi da aka matsa wa ya yi barcinsa daga baya ya huce. Su Hajo ne suka rasa mazauni. Shi ya sa in iyaye suka taso ni gaba a kan in kori wani yaro yanzu-yanzu, nakan ce su dawo gobe, ko da za su zage ni.

Inna ba ta ƙara ba mu tatsuniyar Zaki ba. Ƙwaryar nonon da Hajo ta bari a zuwanta na ƙarshe kuwa, ta wanke ta, ta rataye a ɗakinta, ta hana kowa taɓawa, wai mai ita za ta biyo ta karɓa. Ranar da Inna ta rasu, muna kwashe kayanta, Baba Maigari ne ya sauko da ƙwaryar da hannunsa. Ya daɗe yana riƙe da ita, sannan ya tambaye mu ko akwai wanda ya san inda su Hajo suke yanzu. Babu wanda ya sani.