Ya Falmata mai tulunan gero ta rasu ba abinci a cikinta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina tsakiyar daka, wani mai raƙumi da ya taso daga Gure ya tsaya a ƙofar gidanmu nan Gidigir, ya ce mini Ya Falmata ta rasu shekaranjiya. Na ce me ya same ta? Ya ce, "Zazzaɓi ne, amma gaskiya ba abinci a cikinta."

Ya Falmata, ba abinci!

Har yanzu taɓaryar na nan inda na yar da ita. Ban yi kuka ba tukuna. Raina ne ke tafasa.

Wanda bai san ta ba, bari in gaya masa. Tsohuwa ce Babarbariya, maƙwabciyata a Gure shekara tara. Ba miji, ba ɗa. Tabarmar kaba take saƙa, sai ɗan lambu a kwari da ke ba ta kuɓewa da albasa. Iyakar dukiyarta ke nan.

Shekarar da aka kwashi mijina aikin dole na hanyar mota, ta shigo ta iske ni zan zuba gero a turmi. Ta ce, "Ƴata, duka za ki daka?"

Na ce, "Ya, ai dukan ma ba ya isa."

Ta sa hannu a ƙwaryar, ta dumtsi gero, ta zuba a wani ɗan tulu. Ta ce, "Wannan ba naki ba ne. Na ranar da ba ki sani ba ne. Cikinki ba zai ma san an rage ba."

Ranar na ji haushinta. Amma na bi.

Ita ta koya mini haɗa hatsi da toka don kada ƙwari su ci, a liƙe bakin tulu da laka, a binne a ƙasan ɗaki. Ita ta koya mini shanya tafasa da yakuwa da damina, lokacin da kowa ke taka su yana wucewa. Ko igiyar guga ba ta yarda ta zama ɗaya a gida.

Me mutanen unguwa suka kira ta? Marowaciya. Mata na dariya a bakin rijiya, wai tsohuwa na tara wa kabari.

Sai fara ta zo.

Kun tuna shekarar. Rana ta rufe, gonaki suka koma kara tsirara tun kafin gero ya nuna. Masu dariya suka fara tonon gidan tururuwa suna neman tsaba.

Ya Falmata ta fasa bakin tulu na farko. Kowace safiya sai ta dama kunu a babbar tukunya, ta zauna a ƙofa da ludayi. Ba ta taɓa ce wa kowa "kin tuna abin da kika faɗa?" ba. Wata uku tana haka. A unguwarmu ba a binne yaro ko ɗaya don yunwa ba.

Cikin masu shan kunun akwai Ari, mai gidan da ke bayan nata. Da idona na gan shi yana lashe ƙwarya.

Bayan shekara biyu kumandan, Baturen mulki, ya ba da oda, kowane gari a cika rumbun tsimi, kowane gida ya kawo nasa, mabuɗi kuma a hannun Turawa. Wai su za su koya mana tanadi. Su za su koya wa Ya Falmata tanadi!

Da gardi, dogaran kumandan, suka zo gidan Ari, sai ya rantse ba shi da komai, ya nuna katangarta. Ya ce, "Ku tona ɗakin tsohuwar nan."

Suka tona. Tulu bakwai. Ko buɗe bakin ba su tsaya yi ba, da gindin bindiga suka farfasa, suka kwashe a buhu. Maza na tsaye suna kallon ƙasa. Ni ma ina wurin, da goyo a baya, ban ce komai ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ci na yau.

Da suka tafi ta tsuguna tana tsince tsabar da ta zube cikin rairayi, ɗaya bayan ɗaya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Gure ce, kafin damina, bayan mun ƙaura. Ta rame, idonta ya fara dushewa, tabarmin nata ma saƙar ta karkace. Na ce ta biyo ni Gidigir. Ta ce, "In bar wa wa lambuna?"

Sannan ta kwance bakin zanenta ta ba ni ɗan ƙullin irin kuɓewa. Ta ce, "Kina dumtsa kuwa?" Na ce ina yi. Ta ce, "To, ki yi tulu biyu. Ɗaya inda za a gani, ɗaya inda ko mijinki bai sani ba." Ta yi dariya. Ni ban iya ba.

Mai raƙumin ya ce da ciwo ya kwantar da ita, wata mata ta je roƙon a ba ta ko mudu ɗaya daga rumbun. Aka ce ba a buɗewa sai da izinin kumandan, kumandan kuwa ya tafi rangadi. Geronta na ciki, ƙwari na ci.

To rumbu a kulle yake, na ji. Gidajenku fa, mutanen unguwa? Su ma kumandan ne ya kulle? Ƴaƴan da ta raya da kunu yau su ke kai muku ruwa gona. Ƙwarya ɗaya ta fura ta gagare ku?

Ari, ban yafe maka ba. Ita na san ta yafe, don haka take. Ni ban kai ta ba.

Ya Allah ka jiƙan Ya Falmata. Ka yalwata kabarinta, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna, inda ba mai kulle rumbu. Ka yafe mini shirun da na yi.

Duk wanda wannan magana ta iske, ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In ka taɓa shan kununta kuwa, kafin ka ɗaga hannu ka fara leƙa ɗakin tsohuwar da ke kusa da kai, ka ga ko ta ci yau.

Amin.