Jan Katin Malam Gidaɗo

Kullum da safe, kafin ya buɗe rumfarsa ta faci a bakin hanyar Aliero, Malam Gidaɗo sai ya biya filin bayan tasha a Jega da bokitin toka. Ya tsince ƙaya, ya kori awaki, ya ja layi. Shekara shida ke nan. A nan ake buga gasar da ya ƙirƙiro, ƙwallon waɗanda aka sallama daga aiki: Jega, Aliero da Maiyama. Ni na shiga lokacin da aka rufe kamfanin da nake akawu. Aka dubi tumbina aka ce in tsaya raga, ko ba komai zan toshe rabinta.

Shi ne alƙalin wasa, kuma ba ya korar kowa don ƙeta. In ka taka mutum, iyakarsa ya ce, "Haba Alhaji, wanga ma iyali gare shi." Jan katinsa na wanda ya samu aiki ne kawai. Duk motar da ta tsaya faci sai ya tambayi mai ita wa yake nema, direba ko mai gadi ko mai awo. Ran Asabar ya gayyato shi kallo, ya ba shi benci, yana nuna masa mutane da haɓa.

Zayyad direba ne ɗan Andarai ta ƙasar Maiyama. Wata goma sha ɗaya ba aiki, har ya daina fita masallacin unguwa don kada a tambaye shi. Sau uku Malam Gidaɗo ya hau mota zuwa ƙofar gidansa kafin ya yarda ya buga wa Maiyama.

Bara, a wasan ƙarshe, muna ɗaya da ɗaya da su, Zayyad ya hana ni sakat, saura minti goma. Sai wani dillalin albasa ya raɗa wa Malam Gidaɗo magana: ya yi lodi a Aliero, direbansa ya ajiye aiki, mota za ta tashi bayan la'asar. Usur ya tashi. Jan kati ga Zayyad.

Waliyyu, kyaftin ɗin Maiyama, ya zo yana haki. "Malam, ka ji tsoron Allah. Minti goma ɗai."

"Albasa ba ta jira. Direba ukku na zaune tasha."

Zayyad ya dubi ƙwallo, ya dube ni, ya juya ga Malam Gidaɗo. "Baba, bari in ci guda."

Malam ya ce, "Ka riga ka ci. Tahi."

Zayyad ya tuɓe riga ya fita, fili duka na tafi. Muka ci su biyu da ɗaya, suka rasa kofi, amma su suka fi mu rawa. Har yau Zayyad na kan motar nan, kuma sahun gaba yake sallah.

Malam Gidaɗo, kai ne mai gasar da ke roƙon Allah ya rage mata 'yan wasa. Kai ne ka fito da magidanta daga ɗaki ba tare da ka yi wa kowa wa'azi ba. Mun gode, Allah ya tsare maka naka mutunci yadda ka tsare mana namu.

Ku masu shago da mota da gona, ku yi koyi da mai faci: ku zo ran Asabar ku duba mutane. Ku dai yi sauri, Maiyama saura 'yan wasa takwas, kuma da haka suke mana gori.