Motar da Ke Numfashi Bayan An Kashe Ta

Ban taɓa shan wahalar ƙarfe irin ta motar nan ba. Na yi dakon siminti, na yi noma a fako, amma ita ta fi su ci mini rai.

Shekarun baya, da ƙuguna ya ƙi ɗaukar buhu a Malbaza, na tattara abin da nake da shi na sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, doguwa, mai ƙofa a baya. Da ita nake ci da gida. Ranar kasuwar Illela in kwashi matan unguwarmu a Dogarawa da kayansu, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, sauran kwanaki in yi Konni. Matan nan su ne ƙarfina. In babu su, komawa dakon siminti ya kama ni, ƙugun kuwa ya riga ya faɗa mini ba ya zuwa.

Bayan damina sai mota ta tsiro da hali. Da safe in murɗa makulli, shiru, batir ya mutu murus. Sai an tura, ko an kawo na aro. In ta tashi kuma ta yi ta wani kuka siriri ta gaba, mu hau hanya, mu ci rami biyu uku, kukan ya ɓace, ta wuni lafiya lau. Ba kullum take yi ba. Ranar da ta ga dama.

Abokina makanike ne a Konni, tare munka yi ƙuruciya. Sau huɗu ina kai masa ita. In na iso, mota ta yi zafi, tana tafiya sumul kamar sabuwa. Ya sa kunne, ya dube ni.

"Ina kukan?"

"Da safe ta yi."

"To kai ma da safe kana yi, wa ya kai ka garaji?"

Munka canza batir. Munka kwance dinamo, lafiyarsa lau. Munka sa sabbin buji, wato fulogi, don dai kada in koma hannu sake. Bayan kwana uku ta sake kwanciya, kuma ranar kasuwa ce. Mata goma da kaya a ƙofar gidana, rana tana hawa, ni da maƙwabta muna tura mota cikin rairayi. Kafin mu kai Illela an cinye musu wuraren inuwa. Babbarsu, wata Hajiya sa'ar mahaifiyata da ke kirana angonta tun ina rarrafe, ta jira har kowa ya sauka.

"Angona, ni ba ni gudunka, amma man gyaɗa bai san soyayya ba. Kasuwa mai zuwa in motar nan ta sake, mun yi magana da mai farar mota. Ka ji daga bakina."

Gaskiya ta faɗa.

Abokina ne ya ce in gwada wani tsoho mai aikin lantarkin mota a Malbaza, wanda ya daɗe a bakin teku yana gyaran motocin da anka sauke daga jirgi. Ana gobe kasuwa na tafi, da hantsi. Rumfarsa tana gindin wani itacen bedi, bakin hanyar da manyan motocin siminti ke bi. Na zaci zai buɗe kapo, murfin inji. Ko kallonta bai yi ba. Ya tura mini benci.

"Zamna. Gaya mini yinin da kake yi da ita, tun sahe har kwana. Kar ka tsallake komi."

Na faɗa masa. Na ce in na dawo da azahar ina aje ta inuwar kuka a bakin hanya, ta wuni nan. Gab da magariba in tayar da ita, in kewaya da ita bayan gida kusa da injin niƙan maƙwabcina, in kashe, in yi sauri in tafi masallaci.

"Tahiyar minti nawa?"

"Ko ɗaya ba ta kaiwa, Baba."

"Injin niƙan shina aiki lokacin?"

"Lokacin ne ma mata ke kawo niƙa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce to mu bar ta ta huce, ta yi sanyi ƙalau. Ya ɗora shayi.

Wunin nan har yau ina tuna shi kamar ba a farke na yi shi ba. Na miƙe a benci, ganyen bedi yana motsi a kaina, haske yana faɗowa a fuskata yana tashi. Motocin siminti suna wucewa a hankali, samari a saman buhuna, fari fat har gashin ido, kamar ni a da. Ina kallonsu ƙuguna yana amsawa. Tsohon yana ta ba ni labarin ƙasashen da motocin nan ke fitowa, wai da safe ruwa yana daskarewa a gilashi sai an kankare, wai hayaƙin bakin mutum ya fi na sigari. Na lumshe ido, na ga motata tana sabuwa, tsaye cikin farin sanyi a ƙofar wani gida, wata mata da ban sani ba tana hura hannuwanta kafin ta kama sitiyari. Ban san barci na yi ba ko tunani. Na dai ji tausayin motar, yadda ta baro can ta zo tana jan daddawa a rairayin Dogarawa.

Da la'asar sakaliya ya taɓa kapo da bayan hannu.

"Tashe ta. Yi kamar yadda kake yi gida."

Na tayar, kukan ya zo. Na matsa da ita kaɗan, na kashe, na zare makulli.

"Yi shiru. Saurara."

Makulli yana hannuna, inji a kashe, amma motar tana numfashi. Wani huci ne a hankali daga ƙasa, huuu, bai tsaya ba. Tsohon ya ɗauki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunne, ɗayan yana bin jikin inji da shi har ya gangara bayan fitilar gaba. Can ya nuna mini wani baƙin abu kamar ƙaramar tukunya. Sannan ya buɗe akwatin fiyus, ya ƙwanƙwasa wani ɗan dunƙule da ƙotar sukundireba. Hucin ya ɗauke.

Ya ce tukunyar famfon iska ce. In inji yana da sanyi, takan hura iska cikin salansa na ɗan lokaci don hayaƙi ya ƙone sosai, sannan dunƙulen nan, rile, ya yanke mata wuta. Nawa rilen yana liƙewa. Da safe ramukan hanya ke girgiza shi ya saki. Da magariba kuwa babu rami, sai famfon ya yi ta shan wuta har batir ya ƙare, ni ina masallaci, injin niƙa ya rufe kukan.

"Ke nan ni nake kashe ta da hannuna?"

"Kai da niƙan maƙwabcinka."

Bai tsaya nan ba. Ya ce rile ba ya liƙewa haka kawai. Ya zare tiyon famfon, sai baƙin ruwa ya zubo masa a hannu. Na ce na korama ne, na tsallaka da ita da damina. Ya kai mini hanci. Warin salansa. Ya kwance wani bawul a jikin inji, cike da baƙar toka, a buɗe ya ƙage. Shi ya kamata ya hana hayaƙi komawa baya. Da ya ƙage, gumin salansa ya riƙa gangarowa cikin famfo, famfo yana ja da ƙyar, rile ya yi zafi ya liƙe.

"Hanya biyu ce. In cire famfon in toshe ramin, kamar yadda kowa ka yi, ba ka ƙara jin shi. Ko in wanke in shanya in sa wani rile. Amma tsoho ne, wata rana shina iya sakewa."

"In an cire, mota za ta tafi?"

"Sarai. Wanga abu ba don mai mota anka yi shi ba. Don wanda ke tsaye bayanta ne."

Ranar kasuwa kaya sun yi yawa, ƙofar baya ba ta rufuwa, da igiya nake ɗaure ta, kuma a nan baya mata uku ke zama, hayaƙin safe yana shigo musu suna toshe hanci da gyale. Ban taɓa kawo shi a raina ba. Hankali ya ce a cire, gobe kasuwa. Bakina ya ce a wanke.

Ni ban yi lakwal, karatun boko, mai nisa ba, kuma ban zama makanike daga ranar ba. Amma har yau in abu ya lalace mini, mota ko jiki ko zama da mutane, nakan fara da tambayar tsohon nan, in bi yinina tun safe in ga inda nake sa hannu. Sau da yawa a nan nake samun kaina. Wani lokaci kuma ina tuƙi sai in tuna akwai mutumin da ya zauna a wata ƙasa mai sanyi ya ƙera tukunya guda don kada baƙo ya yi tari. Ban san abin da zan yi da wannan tunanin ba, yana dai zuwa.

Washegari ina idar da asuba na fito. Matan sun riga sun taru, Hajiya tana zaune a kan jarkar manta, ba ta ko gaishe ni ba. Na shiga, na yi bisimilla, na murɗa sau ɗaya. Mota ta kama. Famfon ya hura a hankali, na ƙi taka komai, na jira har ya yi shiru da kansa. Sannan na fito na ce, "Amarya, tashi mini a kan jarkar nan," na ɗauka na fara lodi.