Haidirojin Biyu na Malam Ɗahiru

Malam Ɗahiru mutumin wani ƙauye ne a wajen Gumel. Yana da shekara ashirin da biyu ya zo Kano da takardar sakandare, aka ɗauke shi ban ruwan shuke-shuke a gidan Farfesa Badaruddeen a Nassarawa GRA. Farfesa malamin kimiyyar sinadarai ne, ya mayar da ɗakuna biyu na bayan gidansa ɗakin gwaji, inda yake tatso sinadarai daga saiwoyi da ɓawon itatuwan da masu maganin gargajiya ke amfani da su. Wata rana ya ji mai lambun nasa yana gaya wa direba cewa ɓawon da aka kawo na marke ne, an yi kuskure aka rubuta ƙirya. Washegari aka ba Ɗahiru farar riga, aka sa shi wanke kwalabe.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakunan nan. Kullum daga Tudun Murtala yake zuwa, da farko a keke, daga baya a babur. Shi ke shiga daji ya samo saiwa, shi ke shanyawa da dakawa da jiƙawa da tacewa. Rubutunsa ya fi na Farfesa kyau, don haka shi ya cika littattafai goma sha tara da bayanin sinadarai ɗari huɗu da sha biyu: itacen da aka samo kowanne, da kalarsa, da zafin da yake narkewa, da fomularsa, wato haruffa da lambobin da ke nuna kabon nawa ne a ciki, haidirojin nawa, oksijin nawa. Wasu har da zanen yadda ƙwayoyin kabon da sauransu ke sarƙe da juna. Farfesa yakan ce idan ya yi ritaya za su fitar da aikin duniya ta gani. Ya yi ritayar, sai ciwon ƙoda ya kama shi, ya rasu bayan shekara biyu.

Bayan takaba, Hajiya Sauda, matar marigayin, ta ce wa Ɗahiru ya ci gaba da riƙe makullin ɗakin. Ya riƙa zuwa yana sharewa yana goge kwalabe, babu mai sa shi, babu mai hana shi.

A shekara ta biyu da rasuwar, Afrah, babbar 'yar Farfesa, wadda ke aikin haɗa magunguna a Abuja, ta zo hutu da kwamfuta a jaka. Ta ce akwai wani rumbun bayanai a intanet da ake tara sinadaran tsirran Afirka, kuma za su karɓi aikin mahaifinta idan an shigar da shi yadda suke so.

"Baba Ɗahiru, kai kaɗai ka san littattafan nan," in ji ta. "Ni ko rabin gajerun kalmomin ba na ganewa."

Ta zaunar da shi a kan dogon tebur na ɗakin gwaji, ta buɗe masa fom ɗin. Gurbi bakwai ne: suna, itace, wurin da aka samo, fomula, da sauransu. Na shida shi ne wanda bai taɓa gani ba. Wata doguwar lambar shaida ake so, wadda ake kira InChI, kuma kowane sinadari a duniya tasa daban ce. Ta zana masa sipirit ɗin da yake goge tebur da shi, kwamfutar ta fitar da layi: InChI=1S/C2H6O/c1-2-3/h3H,2H2,1H3.

"Ka ga fomular nan a farko, C2H6O," ta nuna da biro. "Abin da ya biyo baya yana faɗin wace ƙwaya ke riƙe da wace, da inda kowane haidirojin ya zauna. Akwai wata iska mai wannan fomular sak, amma sarƙewarta daban, don haka lambarta daban. Fomula kaɗai ba ta isa ba."

"To, Dakta, waɗanda ba mu da zanensu fa?"

"Ka fara da masu zanen," in ji ta.

Ta koma Abuja ta bar masa kwamfutar. Sati uku ya yi kafin hannunsa ya saba da zana zobe mai kusurwa shida da linzamin kwamfuta. Ya koyi cewa dole kabon ya zo farko, haidirojin na biyu, sauran su bi jerin abacada, alhali Farfesa ya rubuta nasa yadda ya ga dama. Ya koyi cewa fomular da ya rubuta a gurbi na huɗu dole ta zama daidai da wadda ke cikin lambar, in ba haka ba gurbin ya yi ja, fom ɗin ya ƙi tafiya. Idan wuta ta ɗauke sai ya ɗauki littafi ya fita ƙarƙashin mangwaro yana ƙirga ƙwayoyi da fensir. Maimuna, matarsa, ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganinsa yana ɗokin fita aiki irin na watannin nan ba.

Wata biyar ya ɗauka. Daga cikin ɗari huɗu da sha biyu, ɗari uku da arba'in da tara ba su da zane, domin a zamaninsu na'urar da ke nuna sarƙewar ƙwayoyi sai an aika samfuri waje, kuma ba kullum ake samun hali ba. Fom ɗin bai karɓi ko ɗaya a cikinsu ba. Ya rubuta wa masu rumbun wasiƙa, Afrah ta gyara masa Turancin, suka amsa cikin ladabi cewa ba su da gurbin ajiye sinadarin da ba a san siffarsa ba.

Saura sittin da uku. Duk wanda ya shigar, kwamfutar takan kwatanta lambarsa da waɗanda ke cikin rumbun. Sau hamsin da takwas ta ce masa an riga an san wannan. Wani tun kafin a haifi Ɗahiru aka gano shi a Indiya, wani kuma a ganyen shayi yake. Wanda suka yi damina biyu suna tsarkakewa daga saiwar sabara, ashe ana sayar da shi a kwalba. Huɗu suka shiga a matsayin sababbi, amma da alamar cewa sai an tabbatar.

Na ƙarshe shi ne wanda Farfesa ya fi ji da shi, farin gari da suka samo daga ɓawon wata bishiya a bayan Dutse, wanda a gwajinsu ya kashe ƙwayoyin cutar da wasu magunguna suka kasa. Ɗahiru ya ajiye shi sai ƙarshe da gangan. Ya zana shi a hankali, ya rubuta fomular, gurbin ya yi ja. Littafin ya ce haidirojin ashirin da shida, zanen ya ba da ashirin da huɗu. Ya goge ya sake zanawa sau shida a kwana uku. Ya ƙirga da fensir, ya samu ashirin da huɗu. Rubutun duka nasa ne, ya kwafa daga wata takardar Farfesa shekara goma sha bakwai da suka wuce, kuma takardar ba ta nan.

Ya kira Afrah da hantsi.

"Dakta, idan na mayar da shida ta zama huɗu, zai wuce."

"Zai wuce, Baba. Amma wanne ne daidai, fomular ko zanen?"

"Ban sani ba."

"To idan zanen ne ba daidai ba, ka ga mun ba duniya lambar abin da babu shi. Akwai sauran samfurin? Yanzu ana iya aunawa a nan ƙasar."

Babu. Lokacin da Farfesa yake kwance a asibiti taransifomar layin ta lalace kwana goma sha ɗaya, janareta kuma ya tsaya. Ɗahiru yana can yana jinya. Da ya dawo ya tarar da duk abin da ke cikin firiza ya narke ya yi baƙi, shi da kansa ya kwashe ya binne a bayan gida.

Ranar Asabar ya hau mota ya tafi Dutse neman bishiyar. Ya gane dutsen da kwarin da suka samo ɓawon, amma wurin ya zama inda ake fasa duwatsu, manyan motoci na shiga suna fita. Ya tambayi wani tsoho mai sayar da rake a bakin hanya, tsohon ya ce ya san irin bishiyar, rabon da ya ga ko ɗaya tun kafin a yi titin. A littafin ma sunan da mutanen wurin ke kiranta kawai aka rubuta, Farfesa ya sa alamar tambaya a wajen sunan kimiyya.

Ya dawo ya bar gurbin yadda yake, bai canza lambar ba. A huɗun da suka shiga, fom ɗin ya nemi sunan mai binciken tare da lambar rajistarsa ta masu bincike. Ɗahiru ba shi da ita, sai aka sa ta Farfesa.

Bayan sallar layya Hajiya Sauda ta kira shi falo. Ta ce magada sun yanke shawarar sayar da gidan, wanda ya saya zai rushe ya gina benaye na haya kamar yadda aka yi wa gidaje uku a layin, ita kuma za ta koma Hotoro wajen ɗanta.

"Littattafan fa, Hajiya?"

"Afrah ta tambayi tsohon sashen Farfesa a jami'a, sun ce ba su da wurin ajiya. Ka ɗauka, Malam Ɗahiru. Ai rubutunka ne."

Ya ɗaure su cikin buhun shinkafa biyu, ya yi sawu biyu a babur. Maimuna ta matsar da akwatinta ta ba su wuri a ƙarƙashin gado. Kwalaben kuwa wani mai sayar da turare ya kwashe.

Yanzu Malam Ɗahiru yana aiki a wani ƙaramin kamfanin ruwan leda a Gama, yana ɗiban ruwa sau biyu a rana ya ɗiga magani ya duba kala. Idonsa na dama ya fara yana, likita ya ce sai an yi aiki. Afrah takan kira shi lokaci-lokaci su gaisa, ba ta ƙara tayar da maganar rumbun ba, shi ma bai tayar ba. A watan jiya saƙo ya shigo wayarta cewa tun da shekara ta cika ba a kawo tabbaci ba, an sauke huɗun nan daga jerin. Har yau ba ta gaya masa ba.